Darasi a Kan Kafa Ƙungiyar Mawaƙa Mai Sabuwar Murya

A cikin ekklesiyoyi da yawa akwai wata magana wadda ta kan tashi, ta kwanta, ta sake tashi. Samari da 'yammata su kan zo wurin dattawa su ce suna so su kafa ƙungiyar kiɗa da waƙa. Ba su so su tsaya ga muryoyin littafin waƙoƙi kaɗai, ba su kuwa so su kinkimo kiɗan gari yadda ya ke su kawo cikin masujada. Nufinsu su haɗa wannan da wancan su fitar da wani abu sabo. Dattawa su kan ji tsoro, su ce duniya za ta shigo ta ƙofar waƙa. Samari kuma su kan ɓata rai, su ce an ƙi su ne kawai. Wani lokaci maganar ta kan yi tsanani har waɗansu su daina zuwa sujada. Saboda haka ba ƙaramar magana ba ce.

Ba mu ne muka fara gamuwa da ita ba. A watan nan za mu yi nazarin labarin wata ƙungiya da aka kafa a birnin Shikago na ƙasar Amurka a ƙarshen shekarar 1931, wadda daga cikinta irin waƙar nan da a ke kira gosfel, watau waƙar bishara, ta yi ƙarfi ta bazu a duniya. Abin da mu ke so mu gane shi ne wannan: haɗa kiɗa biyu ba zuba su cikin tukunya ɗaya a dama ba ne. Tilas mai haɗawa ya san kowannensu sarai, ya san abin da zai ɗauka da abin da zai bari, ya kuma san ko domin wa ya ke yi. Kafin ku ci gaba, ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta sura 25 ta littafin Labarbaru na fari, wanda a ke kira Tarihi kuma, gama za mu koma kanta.

1. Mutumin da ya tashi tsakanin kiɗa biyu

An haifi Thomas Dorsey a 1899 a wani ƙaramin gari mai suna Villa Rica, cikin jihar Jojiya a kudancin Amurka. Iyayensa baƙar fata ne, zuriyar bayin da aka kwaso daga Afirka. Ubansa mai wa'azi ne na ekklesiyar Baftis, yana noma kuma. Uwarsa tana kaɗa ogan. A masujadun ƙauye na ƙasar nan mutane da yawa ba su iya karatu ba, saboda haka jagora ya kan faɗi layi ɗaya na waƙa, jama'a su karɓa su ja shi sannu sannu, kowa yana lanƙwasa murya kamar mai nishi. Da yawa cikin waƙoƙin nan na Isaac Watts ne, mutumin Ingila, amma yadda a ke rera su na baƙar fata ne. Wannan shi ne kiɗa na fari da ya shiga kunnen yaron.

Wajen 1908 talauci ya sa iyalin suka ƙaura zuwa birnin Atalanta. Yaron bai daɗe a makaranta ba. Ya riƙa zuwa gidan wasa yana talla, yana zuba ido ga hannuwan masu kaɗa piyano, har ya iya. Tun yana saurayi ya shiga yin kiɗa a gidajen shaye-shaye da wuraren rawa. Irin kiɗan da a ke so a can sunansa buluz. Waƙa ce ta mutum ɗaya mai faɗin damuwarsa: rashin kuɗi, rabuwa da masoyi, wahalar aiki. Baitinta yawanci layi uku ne, na biyu ya maimaita na fari, na uku ya ba da amsa. Mawaƙi ba ya tsayawa daidai a kan matakan murya yadda su ke a takarda, sai ya ɗan sunkuyar da waɗansu, ya jinkirta kalma a bayan bugun kiɗa, har mai ji ya ji abin ya taɓa shi. Wannan shi ne kiɗa na biyu.

A 1916 ya fara zuwa Shikago, a 1919 ya zauna can sosai, ya kuma shiga makarantar koyon rubuta kiɗa da tsara shi. A 1921 aka yi babban taron ekklesiyoyin Baftis na baƙar fata a birnin, ya ji wani mai bishara, W. M. Nix, yana rera waƙar Ubangiji da irin lanƙwasar muryar nan ta buluz. Abin ya kama zuciyarsa, har ya karɓi aikin kiɗa a wata masujada. Amma bai jima ba ya koma wuraren rawa, gama albashin can ya fi tsoka. A 1924 ya zama shugaban makaɗan wata shahararriyar mawaƙiyar buluz, Ma Rainey, yana tsara wa kowane makaɗi abin da zai kaɗa. A 1925 ya auri Nettie Harper. A 1926 wani irin baƙin ciki mai nauyi ya kwantar da shi, ya yi wajen shekara biyu bai iya aiki sosai ba. Da ya warke ya yi niyyar bauta wa Allah da kiɗansa, amma a 1928 ya sake yin faifai tare da wani mai jita, Tampa Red, mai kalmomin da ba su dace da bakin mai bi ba. Faifan kuwa ya sayu ƙwarai.

Ba za mu ɓoye wannan ba, gama gaskiya ce. Mutumin ya yi shekaru ƙafa ɗaya a ciki, ƙafa ɗaya a waje. Amma ku lura da abu ɗaya. Sa'anda ya tsaya a ƙarshe, ba ɗan koyo ba ne a ko ɗaya daga cikin kiɗan nan biyu.

2. Jama'a biyu a ɗaki ɗaya

A zamanin nan baƙar fata suna ta ƙaura daga gonakin kudu zuwa biranen arewa, suna gudun wulakanci, suna neman aiki a masana'antu. A 1910 baƙar fata a Shikago wajen 44,000 ne. A 1930 sun kai wajen 234,000. Baƙin nan suka tarar da manyan masujadu irin su Olivet da Pilgrim da Ebenezer, inda ƙungiyoyin mawaƙa masu horo su ke rera ayyukan Handel da Mendelssohn da sauran gwanayen Turai. Ba a son tafi, ba a son buga ƙafa, ba a son mutum ya ta da murya a tsakiyar wa'azi.

Kada mu yi saurin ba shugabannin nan laifi. An daɗe ana rena mutanensu, ana cewa ba su iya kome ba sai ihu da rawa. Suna so su nuna baƙar fata ya iya dukan abin da Bature ya iya, sun kuwa nuna. Amma mutumin da ya zo daga ƙauye jiya, ya bar uwarsa da gonarsa, ya kan zauna a bayan masujada kamar baƙo a gidan ubansa. Da yawa suka koma ƙananan masujadu da aka yi a cikin shaguna, inda a ke tafi, a waɗansu har da ganga da bandiri. Waɗansu kuma suka bar sujada gaba ɗaya.

Dorsey ya fara rubuta waƙoƙin da ya ga za su yi magana da mutanen nan. Ya buga su a takarda da kuɗinsa, ya aika wa ekklesiyoyi ta gidan waya, amma amsa ba ta zo ba. Ya bi masujadu da ƙafa yana roƙo a ba shi zarafi. Pastoci da yawa suka ce wannan kiɗan shaiɗan ne, gama sun ji ƙamshin gidan rawa a cikinsa. Shi da kansa ya kan faɗa daga baya an kore shi daga waɗansu manyan masujadu na ƙasar. Sai a 1930, a babban taron Baftis da aka sake yi a Shikago, wata mawaƙiya ta rera ɗaya daga cikin waƙoƙinsa, jama'a suka motsu ƙwarai, ya sayar da takardun waƙar wajen 4,000. Ashe ana jin yunwar abin, ƙofa ce ba a buɗe ba.

3. Yadda aka kafa ƙungiyar

Wanda ya buɗe ƙofar dattijo ne. A 1931 ekklesiyar Ebenezer tana da sabon pasto, James H. L. Smith, wanda ya zo daga jihar Alabama a kudu. Ya faɗa wa jama'arsa yana marmarin ya ji irin waƙoƙin da kakanninsu su ke yi a kudu. Aka ba Theodore Frye, mawaƙi daga jihar Misisifi, aikin tara mutane, shi kuma ya kira Dorsey ya zama mai piyano. A watan Disamba 1931 aka kafa ƙungiyar. A farkon 1932 ta fito gaban ekklesiya da mutum wajen 100.

Mu dubi irin mutanen da aka tara. Yawancinsu mata ne, masu aikin gida da wanki, waɗanda ba su taɓa koyon karanta alamun kiɗa ba, ba wanda ya taɓa ba su aiki a ekklesiya kuma. Frye ya iya jan jama'a, yana tafiya yana waƙa a gabansu. Dorsey ya iya rubutu da tsari. Wata yarinya, Roberta Martin, wadda ta koyi piyano irin na Turai, ita ta riƙe kiɗan ƙungiyar matasa. A 1932 kuma Sallie Martin ta haɗa kai da Dorsey. Ba 'yar'uwar Roberta ba ce, suna ne ya zo ɗaya. Ta fito daga ekklesiyoyin nan masu tafi da ta da murya, muryarta da kaushi, ba ta karanta kiɗa, amma in ta buɗe baki jama'a su kan tashi tsaye, ta kuma iya riƙon kuɗi, abin da Dorsey bai iya ba. Kowannensu ya zo da abin da ɗan'uwansa ya rasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba da daɗewa ba ƙungiyar Ebenezer ta kai ziyara masujadar Pilgrim. Paston can, Junius C. Austin, ya ga yadda jama'arsa suka karɓi waƙar, sai ya ɗauki Dorsey ya kafa masa irinta. Ba a rushe tsohuwar ƙungiya mai rera waƙoƙin Turai ba, an ƙara sabuwa ne a gefenta. Ba a rasa kishi da gunaguni tsakaninsu ba, amma ekklesiya ba ta tsage ba. Dorsey ya riƙe aikin nan a Pilgrim kusan shekara 50.

Wanda ya ji tafi da murna ran Lahadi zai zaci abin wasa ne. Ba haka ba ne. Dorsey mai tsanani ne a wurin koyo. Ya nace kowa ya riƙa zuwa koyo ba fashi, ya kuma nace zaman mawaƙi a gida da kasuwa ya yi daidai da abin da bakinsa ya ke rerawa.

4. Abin da aka ɗauka da abin da aka bari

Nan ne zuciyar darasinmu. Daga waƙoƙin littafi Dorsey ya ɗauki ginin waƙa, watau baiti da amshi, da jituwar muryoyi manya da ƙanana, da al'adar rubuta waƙa a takarda domin ta kai nesa. Ya ɗauki saƙon bishara kuma, bai rage kome ba. Abin da ya bari shi ne dokar nan ta cewa tilas a rera kowace waƙa daidai yadda ta ke a takarda, ba ƙari ba ragi.

Daga tsofaffin waƙoƙin bayi ya ɗauki kira da amsawa, jagora ya ba da waƙa 'yan amshi su karɓa, da tafi da motsin jiki. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, gama haka a ke waƙa a gona da wurin daka.

Daga buluz ya ɗauki lanƙwasar murya, da bugun da ya ke sa jiki ya motsa, da maganar mutum ɗaya mai faɗin wahalarsa a fili da kalmomin yau da kullum. Abin da ya bari shi ne kalmomin batsa da rashin bege. Mai buluz ya kan faɗi damuwarsa ya tsaya nan. Dorsey ya faɗi damuwa iri ɗaya, da murya iri ɗaya, amma ya kai ta gaban Mai Ceto. A cikin wannan ya bi sawun Charles Tindley, paston Metodis a birnin Filadelfiya, wanda tun 1901 ya ke buga waƙoƙi masu magana a kan wahalar talaka da begensa.

Akwai wata dabara kuma. Dorsey ya kan rubuta waƙarsa da sauƙi da gangan, ya bar fili domin mawaƙi ya ƙawata ta bisa ga yadda zuciyarsa ta motsa. Amma ya kan gargaɗi mawaƙa kada ado ya yi yawa har ya rufe kalmomi. In jama'a sun yaba murya amma ba su ji saƙo ba, aikin ya ɓaci. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa haka a sura 14 ta wasiƙarsa ta fari, cewa waƙa ta ruhu ce, ta hankali ce kuma, dukan abin da a ke yi a taro kuwa domin gina ekklesiya ne.

5. Ranar gwaji

A watan Agusta 1932, ƙungiyar Pilgrim ba ta ko cika shekara ba, Dorsey ya tafi birnin San Luwis domin ya yi waƙa a taron farkawa. Ya bar matarsa Nettie da tsohon ciki. Yana can aka kawo masa waya cewa ta rasu wurin haifuwa. Ya komo gida ya tarar da ɗa namiji da rai, amma jaririn ma bai daɗe ba ya bi uwarsa. Dorsey ya shaida daga baya cewa a kwanakin nan ya ji kamar Allah ya yi masa rashin gaskiya, har ya so ya bar waƙar bishara ya koma inda ya fito.

Bayan 'yan kwanaki abokinsa Frye ya kai shi wani ɗaki mai piyano. Ya zauna yana taɓa wata tsohuwar murya ta littafin waƙoƙi, wadda George Allen ya tsara tun a ƙarni na 19. Ya ja ta sannu, ya lanƙwasa ta irin ta buluz, kalmomi suka zo masa, addu'ar mutumin da ƙarfinsa ya ƙare. Ita ce waƙar da a ke kira Precious Lord. Ku duba yadda kiɗan nan biyu suka gamu a cikinta: muryar ta littafi ce, nishin na buluz ne, addu'ar kuwa ta mai bi ce. An juya ta cikin harsuna da yawa. A ranar 4 ga Afrilu 1968, jim kaɗan kafin a harbe Martin Luther King a birnin Memfis, ita ya roƙi wani makaɗi ya kaɗa a taron daren nan, ita kuma Mahalia Jackson ta rera a jana'izarsa.

Ga ma'aunin sabon kiɗa. Ba yawan tafi a ranar biki ba ne. Ma'auninsa shi ne ko zai iya riƙe mutum a ranar makoki.

6. Yadda aikin ya bazu

Tun da shi ke ba a iya rubuta lanƙwasar murya duka a takarda ba, tilas a koyar da ita baki da baki. Dorsey da Sallie Martin suka riƙa bin garuruwa, suna rera waƙoƙin, suna sayar da takardunsu a kan 'yan kwabbai, suna kafa ƙungiyoyi a inda suka sauka. A 1933 aka yi babban taro na fari na ƙungiyoyin mawaƙan gosfel a Shikago, inda mawaƙa daga garuruwa dabam dabam su ke zuwa su koya su koma su koyar. Roberta Martin ta kafa tata ƙungiya. A 1940 Sallie Martin ta rabu da Dorsey ta buɗe nata gidan buga waƙoƙi tare da Kenneth Morris. Rabuwar ba ta yi daɗi ba, amma aikin bai tsaya ba, gama an riga an koya wa mutane da yawa.

Mahalia Jackson, wadda aka haifa a 1911 a birnin Niyu Oliyans, ta yi shekaru tana yawo da Dorsey tana rera waƙoƙinsa. Tun tana yarinya ta saurari faifan mawaƙan buluz, ta koyi yadda su ke sarrafa murya, amma ko da aka yi mata tayin kuɗi masu yawa ta ƙi ta zama mawaƙiyar buluz. Ta ɗauki murya, ta bar sauran.

Dorsey ya rasu a 1993. A 2006 gobara ta cinye masujadar Pilgrim, sai bango ya rage. Amma irin waƙar da aka rena a can, wuta ba ta same ta ba, gama tana cikin bakin jama'a.

7. Abin da za mu koya

Na fari, ga samari. Ku koyi kowane kiɗa har ku iya shi kafin ku ce za ku haɗa. A surar da muka karanta, mawaƙan da Dawuda ya keɓe a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun su 288 ne, dukansu horarru. A sura 15 kuma an sa Kenaniya a kan waƙa domin gwani ne. Wanda bai iya waƙar littafi ba, bai kuwa zauna wurin tsohon makaɗi ya koyi ganga ba, abin da zai haɗa hayaniya ce.

Na biyu, ku tambayi kanku ko domin wa ku ke yi. Ƙungiyar Ebenezer ta tashi domin akwai mutane a bayan masujada waɗanda ba a yi musu magana da muryar da su ke ji ba. In nufinku a san sunanku ne, ƙungiyar za ta watse ran da aka yabi ɗaya fiye da sauran.

Na uku, ku zauna ku rarrabe abin ɗauka da abin bari, tun ba ku fito gaban jama'a ba. Kayan kiɗa itace ne da fata da tsirkiya, ba su da zunubi. Amma akwai bugun da in tsoho ya ji zai tuna masa da wurin bori, gama da goge da garaya a ke kiɗan bori. Ku karanta Romawa sura 14, ku ga yadda ya kamata mu yi da lamirin ɗan'uwa. Wani abu a kan jinkirta shi domin ƙauna, ba domin haram ne ba.

Na huɗu, kalmomi su zama shugaba, kiɗa ya zama bara. A harshenmu wannan ya fi nauyi, gama Hausa tana da hawa da saukar murya. Kuka na hawaye da kuka ta miya, murya ce kaɗai ta raba su. Yawancin waƙoƙin littafinmu an juyo su ne daga Turanci tare da muryoyinsu, shi ya sa wani lokaci murya ta kan hau inda kalma ta ke so ta sauka. Masu sabuwar waƙa suna da zarafi su gyara wannan. Ku faɗi layin da baki tukuna, sa'an nan ku nema masa muryar da ta bi shi.

Na biyar, ku nemi mutane masu baiwa dabam dabam, har da mai riƙon kuɗi da mai tsawatawa. Kada ku rena matan da ba su yi makaranta ba. Ku koya wa na bayanku tun da wuri.

Na shida, ga dattawa. Tsoronku ba na banza ba ne, gama ta bakin annabi Amos Allah ya ƙi waƙoƙin mutanen da zamansu ba gaskiya. Ku bincika kalmomi, ku bincika zaman mawaƙa. Amma ku tuna da wan ɗan nan batacce a Luka sura 15, wanda ya ji kiɗa da rawa a gidan ubansa ya ƙi shiga, har uban ya fito yana lallashinsa. Ku tuna kuma a Shikago pastoci biyu ne suka buɗe ƙofa, ba su kuwa kori tsohuwar waƙa domin sabuwa ba. Daga lokacin da Dorsey ya ji Nix yana waƙa zuwa ranar da ƙungiyar ta tsaya, shekara goma ne. Samari su yi haƙuri, dattawa su kasa kunne, Ubangiji kuwa ya ba mu duka hikima.

Tambayoyi domin nazari

1. Waɗanne irin kiɗa ne Dorsey ya koya, a ina kuma ya koyi kowannensu?
2. Don me manyan ekklesiyoyin Shikago suka ƙi waƙoƙinsa da fari? Wace gaskiya ce ke cikin tsoronsu?
3. Ku faɗi abu ɗaya da aka ɗauka daga buluz, da abu ɗaya da aka bari.
4. Su wane ne a cikin ekklesiyarku su ke zama shiru lokacin waƙa? Kun taɓa tambayarsu dalili?
5. In samarinku sun kawo sabuwar waƙa ran Lahadi mai zuwa, da wane ma'auni za ku auna ta?